Gaiwa a Akwatin Surukina

Shekara talatin da 'yan kai na yi ina lodin shanu daga kasuwannin ƙasar Maraɗi zuwa kudu. Ikko na sha kai kaya, Kotono ma na taka, kuma babu irin dabbar da ban ɗaura ma igiya ba. Amma kifi, ni dai a cikin miya na san shi, sai bazarar bara da surukina Mushe Lurwanu ya kawo mani amanar nashi har gida nan Tibiri.

Mushe Lurwanu malamin lakol ne a Cadawa, wato makarantar boko, Mushe kuwa haka muke kiran malamanta, shi ke auren ɗiyata Rahina, ta ukku a ɗakin Gwaggo. Gwaggo mai ɗakina ce. 'Ya'yan ƙannenta sunka liƙa mata sunan, har ni na bi sahu. An tura Mushe Yamai horo na wata ukku, sai anka shirya Rahina ta dawo gida ta zauna kafin ya gama. Ranar da sunka iso, na ga ƙarti huɗu suna sauke wani akwatin gilashi daga bayan mota, suna tafiya da shi a hankali kamar masu ɗauke da ƙwai. Tsawonshi kaɗan ya rage ya kai gadon mutum guda. Bayanshi ga faifan sola, ga batir, ga ɗan inji mai hura iska cikin ruwa, ga kuma tano, wato duro, cike da ruwa an rufe bakinta da buhu.

Abin da ke cikin tanon tarwaɗa ce, amma ba irin wadda kunka sani ba. Fara ce sol, da ɗan ja-ja a gefen ciki, idanunta kamar garwashi, gashin bakinta takwas dogaye. Tsawonta ya wuce daga gwiwar hannuna zuwa kan yatsa. Rahina ta ce mani tun tana kamar ɗan yatsa ya tsince ta a wurin wani mai kiwon kifi, ita kaɗai fara cikin dubban baƙaƙe, kuma shekara huɗu ke nan yana renonta. Ta ce in ya taso daga lakol, kafin ya tambayi tuwo sai ya leƙa ta.

To, kun san tsakanin mutum da surukinshi. Shekara biyar da auren, maganata da Mushe ba ta taɓa wuce ina gajiya, ina aiki ba. Tun daga bakin zaure ya tuɓe takalmi, ya durƙusa can nesa, ya gaishe ni kanshi na kallon ƙasa. Ni kuma na amsa ina kallon bango, na tashi na yi masallaci don in ba shi wuri. Da na dawo ya riga ya kafa akwatin a zaurena, ya cika shi, kumfar iska na tashi, kifin na kai da komo. Shi kuwa ya kama hanya. Saƙonshi ta bakin Rahina ya zo.

Ta ce, "Baba, ya ce a gaya maka, abinci safe da marece, cikin murfin kwalba guda. Kuma wai in ba damuwa, ta fi jin daɗin zama ita kaɗai."

Na ce to. Amma na ɗauke ta irin maganar surukai, wadda ake naɗe ta da zane bakwai har ba ka gane ina kanta yake. Daga baya na gane doka ce yaron ya kafa mani, kunya ta sa ya yi mata kwalliya.

Kafin kwana ukku zaurena ya zama kasuwa. Dattawan da ke zama gindin dogon yaro sunka kwaso tabarminsu sunka dawo wurina. Matan unguwa sunka dinga shigowa da sunan gaida Gwaggo, su tsaya a zaure su manta da Gwaggon. Su ne sunka raɗa ma kifin suna Baturiya, sunan kuwa ya zauna. Ni kaina abin ya shiga raina yadda ban zata ba. Da na idar da sallar safe sai in jawo kujera in zauna gabanta. In na ƙwanƙwasa gilashin sau biyu, ta taso sama ta buɗe baki tana jira. Mutum mai furfura kamata, sai ga ni ina dariya ni kaɗai da kifi.

Abu guda ke yi mani ƙaiƙayi. A wani otal a Kotono na taɓa ganin irin wanga akwati, manyan kifaye iri-iri suna ta shawagi tare, wani mai zane, wani mai ƙaya. Nawa kuwa ga fili har fili, fasinja guda.

Ana haka ranar kasuwa sai ga Jaye. Jaye Bafillace ne, rugarsu na can bayan Gidan Sori, kuma bijiman da na saya hannunshi ba su ƙirguwa. Mun tsufa tare muna zagin juna, Kaɗo yake kirana. Ya jingine sandarshi, ya durƙusa gaban gilashin, ya ƙura mata ido.

Can ya ce, "Kaɗo, wanga gida duk na mutum guda ne?"

Na ce, "Na mace guda. Baturiya ce, ba ta son cunkoso."

"Ko nagge ka ware ta ita kaɗai, ramewa take. Ku mutanen gari ba ku san dabba ba, cinta kawai kunka iya."

"Kai da ba ka cin kifi, ina ka san halinshi?"

"Ban ci ba, amma shanuna tare da shi suke shan ruwa. Bari ka gani."

Da kasuwa ta zagayo ya dawo bisa moto, ɗauke da wani abu cikin buhu a cinya. Ya dire shi tsakar zaure, ya kwance. Hoge ne na busasshiyar laka, girman tulu, ya tsage ta gefe guda.

Na ce, "Jaye, ƙasa ka kawo mani? Tamu ta ƙare ne?"

Ya ce, "Abokiyar hira na kawo ma baƙuwarka. Sa a kawo kwano babba da ruwa."

Ashe suna haƙar rijiyar shanu ne a tsakiyar wani tafki da ya ƙafe, sunka ci karo da ita. Gaiwa ce. Wanda bai sani ba, gaiwa kifi ce da in ruwa ya janye ba ta binshi. Sai ta nutse cikin laka, ta naɗe, ta rufe kanta da wata 'yar fata, ta kwanta nan har damina ta dawo. Na sha jin labari, na sha cin namanta a kudu, amma ban taɓa ganin ana tada ta ba.

Munka saka hogen cikin babbar robar wankin Gwaggo, munka zuba ruwa. Zaure ya cika har ƙofa. Laka ta fara narkewa, ruwa ya yi ja. An daɗe ba a ga komi ba, har wasu sunka fara cewa Bafillace ya yi ma Na'Allah, wato ni, wayo. Sai ga wani abu kamar tsohon takalmin fata da anka lanƙwasa, wutsiya ta rufe kai. Na taɓa shi da kara. Ya yi wani ɗan gurnani, irin na kwaɗo mai mura, mutane sunka ja baya suna ture juna. Daga nan ta fara warwarewa a hankali, a hankali, sai ga ta doguwa, kaurin damtsena, launin toka da ɗigo-ɗigo, da wasu 'yan ƙafafu huɗu kamar zare. Ta ɗago kai ta buɗe baki ta shaƙi iska kamar mutum, ta koma. Zaure ya ɗauki salati. Ni tsigar jikina tashi ta yi. Abu ya yi wata bakwai cikin ƙasa ba ci ba sha, ga shi yana numfashi a gabana, a zaurena.

Gwaggo ta leƙo daga ƙofar cikin gida ta dube ta. Ta ce, "Malam, gaiwa ce fa. Wadda ta iya cin jikinta in yunwa ta kama ta cikin laka, jikin wani za ta ƙyale?"

Na ce, "Ai shi ya sa ba yau za a haɗa su ba. Ba a haɗa mayunwaci da ƙosasshe."

A ganina na yi dabara. Kwana huɗu ina ɗura mata hanjin kaji da kwaɗi, tana murƙushewa har ana jin ƙarar haƙoranta daga waje. Ta cika, ta yi sheƙi, ta kwanta lamo. Na aika ma Jaye cewa ranar Lahadi da hantsi za a kai amarya ɗakinta.

Da Rahina ta ga mun kinkimo robar ta sha gabana. Ta ce, "Baba, ya ce fa ita kaɗai."

Na ce, "Da tarwaɗa da gaiwa a tafki guda Allah ya halicce su. Maƙwabta ne tun kaka da kakanni. In ya dawo ya iske biyu maimakon guda, murna zai yi."

Ta koma gefe, ta harɗe hannu.

Munka juye gaiwar. Ta nutse ƙasa, ta fara takawa da 'yan zarurrukanta kamar tsohuwa mai neman allura. Baturiya ta tsaya can ƙurya guda, sannan ta taho sannu tana shafa ruwa da gashin baki. Kowa ya zuba ido. Ta zagaya baƙuwar sau guda. Ta sake zagayawa. A na ukku gashin bakinta ya shafi hancin gaiwa, sai munka ji ƙas. Ban ma ga motsin ba. Na dai ga guntun farin gashi yana lilo cikin ruwa.

Rahina ta ce, "A fidda ta, Baba. Don Allah a fidda ta yanzu."

Jaye ya ɗaga hannu. Ya ce, "A'a, ɗiyata. Nan ne mutanen gari ke ɓata abu. In ka kawo sabon bijimi cikin garke, sai sun gwada ƙaho. In ka raba su tun ba su gama ba, gobe su sake, jibi su sake, har ɗaya ya kashe ɗaya. Amma in ka bari sunka gama, wanda anka kada ya sunkuyar da kai ya koma gefen garke, shi ke nan, zaman lafiya har abada. Ko ƙarya nake, Kaɗo?"

Ba ƙarya yake ba. Na gani da idona ba sau ɗaya ba. Na ce a bar su su gama.

Baturiya ba raguwa ba ce. Ta ja baya ta taho da gudu ta kai ma gaiwa karo da wannan faffaɗan kan nata, har yashin ƙasa ya tashi. Nan fa zaure ya rikice kamar filin kokowa. Wasu na bayan fara, wasu na bayan 'yar laka. Wani dattijo da ko tsayuwar salla sai da sanda, sai ga shi tsaye yana kirari. Ni ma, in faɗi gaskiya, ina ciki. Ina ta faɗin, "Haka ne, Baturiya, nuna mata gidanki ne."

Karo na biyu gaiwa ta kauce, ta juyo, ta cafke ta a gefe kusa da wutsiya. Ta riƙe. Ta girgiza kai kamar kare da tsumma. Da ta saki, akwai rami a jikin Baturiya da zai ɗauki ƙwan zabo, jini na fita kamar hayaƙi cikin ruwa. Baturiya ta zabura ta gudu, ta daki gilashi da kai, ta juyo, ta biyo gefe, sai ga ta kuma gaban gaiwa. Gaiwa ta kai mata hari. Ta sake gudu, ta sake dukan gilashi, ta sake dawowa.

Jaye ya ce, "Kai, wagga akwai taurin kai. An kada ta, ta ƙi bari."

A nan ne abin ya faɗo mani. Ba dawowa take ba. Bango ke maido ta. Bijimin da anka kada a daji yana da dajin da zai shiga. Wagga ina za ta? Wanga akwati ba makiyaya ba ce, bayan babbar mota ne. Kuma a bayan mota ban taɓa barin bijimai biyu su gwada ƙaho ba. Ɗaure kowa muke a jikin ƙarfe, mu gitta itace tsakani, don wanda ya faɗi a mota ba ya tashi. Sana'ata ce ta shekara talatin, na aje ta na ɗauki ta makiyayi.

Na ce, "Jaye, mota ce, ba daji ba. Kama buhu."

Na zura hannu zan kamo ta, Gwaggo ta buge mani shi da muciyar da ke hannunta. Ta ce, "Yatsun naka sun yi maka yawa ne?" Na fizge muciyar na tura ta gaban gaiwa. Ta kuwa cafke, ta ƙi saki. Na jawo ta sama da ita, Jaye ya tara buhu daga ƙasa, ruwa ya wanke mu duka biyu, ta faɗa ciki tana bugun iska. Munka maida ta robar wanki. Har yau shaidar haƙoranta na nan jikin muciyar, Gwaggo na nuna ma baƙi.

Mutane sunka watse ɗaya bayan ɗaya, ba mai kallon idona. Baturiya ta kwanta a ƙurya, gashin baki biyu sun tafi, wutsiya a tsage. Na ƙwanƙwasa gilashi sau biyu. Ko motsi.

Ranar ba ta ci ba. Washegari ma haka. Kwana na ukku da safe na iske wani farin abu kamar auduga ya tsiro a bakin ciwon, ita kuma ta karkata gefe guda, sai ta yunƙura ta miƙe ta sake karkacewa. Jaye bai koma ruga ba, yana nan tare da ni, duk ya yi laushi. Ya ce ko a gwada toka da kanwa, haka suke ma shanu. Ya ce ko a ɗan lasa mata wuta a bakin ciwon.

Na ce, "Jaye, ilminka na shanu ya ci wutsiya. Bar mata sauran."

Rahina na tsaye da wayarta a hannu. Ta ce, "Baba, mutum guda ne ya san maganin abin nan."

"To ki kira shi. Ki ce ta ɗan ji ciwo."

"In ce mi ya ji mata? Ni ban saka gaiwa ba, Baba. Kuma in na faɗa mashi, kunyarka za ta hana shi gaya mani gaskiya. Zai ce ba komi, a bar ma Allah, ita kuwa ta mutu. In kai ka tambaye shi, dole ya amsa."

Na dubi Gwaggo ko za ta cece ni. Ta ce, "Kai da ka yi ciniki da Yarbawa ba ka jin yarensu, yaron da ka ba ɗiya ne zai gagare ka?"

Na dubi akwatin. Shekara huɗu na yaron mutane ke kwance a karkace. Na ce ta buga. Lokacin ƙarfe goma ne, an ba su hutun shan iska. Ta miƙo mani wayar ta buɗe murya kowa na ji.

Ya ɗauka da fara'a, yana zaton matarshi ce. Na yi sallama. Sai na ji ƙarar kujera, na ji takalmi ya faɗi. Rahina ta rufe baki ta ce a hankali, "Wallahi durƙusawa ya yi."

"Baba, ina kwananku? Kun tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Mushe. Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Baba. Ina gida? Ina su Gwaggo?"

"Lafiya lau. Ƙaƙa Yamai? Ƙaƙa zafi?"

"Da godiya, Baba. Ina jama'a?"

Munka gaida jama'a. Munka gaida kasuwa. Munka gaida karatu da malaman karatu. Na tambaye shi ko an fara hadari can, ya ce tukuna, ya tambaye ni ko an fara nan. Ina magana ina kallon Baturiya tana ƙara kwantawa. Na sake cewa ina gajiya, ya sake cewa ba gajiya. Gwaggo ta zungure ni da gwiwar hannu.

Na rufe ido na ce, "Mushe, na ci amanarka. Na saka ma kifinka gaiwa, ta cije ta. Yau kwana ukku ba ta ci, ciwon ya yi farin gashi, tana kwance a gefe."

Ya ce, "Ba komi, Baba, Allah ya..."

Na katse shi. "Akwai komi. Ban kira ka don ka yafe mani ba, wannan sai ka dawo. Yanzu kai ne likita, ni ɗan aike. Faɗa mani abin da zan yi, kuma kada ka saka mani in ba damuwa a ciki."

Na ji ya ja numfashi. Da ya sake magana, wata murya ce daban, irin wadda yake ma 'yan lakol.

"Gaiwar na ciki har yanzu?"

"An fidda ta."

"Kumatunta na motsi? Ku duba gefen kai."

"Suna yi, a hankali."

"To ba ta mutu ba. Ku samo roba mai faɗi, a wanke ta ba sabulu. Jarka biyu na ruwan rijiya wanda ya kwana, kada a taɓa na famfo. Gishirin miya, ƙaramin kofin shayi guda, a shafe bakinshi, a narke shi tukuna kafin a saka ta. Gishiri na ce, Baba, ba kanwa ba."

Na harari Jaye. Ya kau da kai yana gyara rawani.

"Da hannu kada a kama ta, a tallabo ta da jiƙaƙƙen zane. A maida bututun iska cikin robar. A saka mata fasasshen tulu ta samu wurin ɓuya, a rufe rabin robar da faifai, a kai ta inuwa inda ba mutane. Kullum a kwashe rabin ruwan a zuba sabo, da rabin kofin gishiri. Abinci kada a ba ta sai na ce. Kuma 'yan kallo, Baba, a sallame su."

"An sallame su."

"Gobe war haka ku kira ni." Sai kuma ya tuna da wanda yake magana, murya ta faɗi. "Wato, in kun samu hali."

"Zan samu."

Gidan ya hargitse da aiki. Gwaggo ta ba da zanenta da gishirinta, ta fasa wani tsohon tulu da kanta. Jaye, mutumin da ko warin kifi ba ya so, shi ya tallabi wutsiya ni na tallabi kai, yana ta yi mata magana da Fillanci kamar maraƙin da ya karye. Munka kai ta rumfar bayan ɗakina.

Kullum ƙarfe goma ina kira. Rana ta farko gaisuwarmu ta ci rabin hutun nashi. Rana ta ukku na ce salamu alaikum, ya ce, "Baba, audugar fa?" Na ce ta fara zubewa. Na ji ya buga wani abu, tebur ne ko cinyarshi. Rana ta huɗu ta miƙe sosai ta shige cikin tulun. Rana ta biyar bakin ciwon ya yi fari-fari mai tsabta, nama na haɗowa. Ya ce gobe a gwada ƙwaya ukku, kada a wuce ukku.

Rana ta shida tun da hantsi muna durƙushe bakin robar, ni da Gwaggo da Rahina da Jaye, waya a buɗe a hannun Rahina, Mushe na saurare daga Yamai. Na ƙwanƙwasa gefen robar sau biyu. Na jefa ƙwaya ukku. Sunka yi ta yawo a saman ruwa. Sai gashin baki ya leƙo daga bakin tulu, sai kai, sai ga ta gaba ɗaya. Ta taso, ta yi wuf da guda, ta juya ta watsa mani ruwa a gemu, ta dawo ta kwashe sauran.

Na ce, "Ta ci, Mushe. Duka ukku. Tana neman ƙari."

Abin da na ji daga wayar ba zan iya rubuta shi ba. Ihu ne irin na wanda ɗan kokowarshi ya yi kaye. Gwaggo ta rangaɗa guɗa. Jaye ya tashi yana taka rawa da sanda a kafaɗa, yana cewa shi dama ya san jinin sarauta ce.

Sati ukku ta yi a robar kafin ya ba da izini a maida ta akwatinta. Gaiwa kuwa na sa anka yanke mani tano gida biyu, na aje ta ciki ƙarƙashin rumfa da murfin ragar waya da dutse a kai, don kada ta fice yawo.

Da horon ya ƙare, ana tsakiyar damina, Mushe ya iso da la'asar. Ya tuɓe takalmi a bakin zaure kamar kullum, ya durƙusa, ya gaishe ni kanshi a ƙasa. Amma ina ganin idonshi na satar kallon akwatin. Wannan karon ban tashi na yi masallaci ba.

Na ce, "Taso ka duba amanarka. Ka duba da kyau, a gabana."

Ya matso da gwiwa. Ya daɗe yana kallo. Tabon na nan gefen wutsiya, ya shafe ya bar ɗan lotsawa. Ya ƙirga gashin baki da yatsa a jikin gilashi: shida dogaye, biyu gajeru sun fara tohowa.

Ya ce, "Za su cika. Baba, ta ma fi ƙiba."

"Wannan tabo ni na yi mata shi. Yanzu ka iya yafewa, in ka ga dama."

"Na yafe, Baba, tun ranar." Ya murza hular da ke hannunshi. Sannan ya ɗago ya dube ni ido cikin ido, karo na farko tun da na san shi. "Ita gaiwar, tana nan? Ban taɓa ganin mai rai ba."

Na ce, "Tana nan, ta ƙara kamu guda. Amma ka bar yatsunka a aljihu."

Munka zagaya bayan ɗaki tare. Na ɗage dutsen, ya ɗage murfin, munka durƙusa kafaɗa da kafaɗa bakin tanon. Yana ta jero mani tambaya, mi take ci, sau nawa take tasowa shan iska, ina amsawa ɗaya bayan ɗaya, har Gwaggo ta gaji da kiran tuwo ta aiko mana da shi nan, a kwano guda.